Yadda Ake Auna Bambancin Gado a Tarin Irin Gero, Dawa da Wake

Ƙungiyar manoma za ta iya jera kwalabe 60 na iri a ɗaki, kowace da sunanta, a ɗauka an tara dukiya. Ranar da aka shuka su a gona ɗaya sai a tarar da yawansu abu guda ne, suna ne kawai ya sauya daga ƙauye zuwa ƙauye. Haka kuma Kaurar da aka karɓo a Bichi da wadda aka karɓo a Gumel, duk da suna ɗaya, suna iya shan bamban a lokacin fitar da kai da tsawon kara. Don haka ba a ƙirga bambancin iri da yawan sunaye. Sai an shuka su kafaɗa da kafaɗa, an auna, an rubuta.

Abin da ake nema shi ne bambancin gado, wato halin da iri ke ɗauke da shi a jikinsa yake miƙa wa 'ya'yansa. Geron da ya yi tsawo don ya faɗo a gindin gawo, tsawonsa na taki ne, ba na gado ba. Duk matakan da ke tafe na raba waɗannan biyun ne.

Kafin a fara, a riƙe yadda kowanne ke yin barbara, domin shi ke sauya tsarin aikin. Gero da maiwa iska ce ke kwasar garin furensu daga wannan zangarniya zuwa waccan, shi ya sa a gona ɗaya da wuya ka ga karan gero biyu iri ɗaya sak. Dawa mafi yawanci kanta take yi wa barbara, sai ɗan abin da iska ta kawo daga maƙwabta. Wake ya fi su duka tsare kansa. Ke nan a gero bambancin yana cikin kowane tari, wato irin da aka karɓo daga hannun manomi ɗaya, a wake da dawa kuwa ya fi yawa tsakanin tari da tari.

Kayan aiki

- Littafin rajista mai ƙwarin bango, da fensir. Biro yana zuba idan ruwa ya taɓa takarda.
- Ambulan na takarda ko ƙananan jakunkunan yadi don karɓar iri. Ban da leda, tana sa iri ya yi gumi.
- Kwalabe ko ƙananan jarkoki masu murfin da ke rufuwa ruf. Na wake mai yawa, buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda a ciki da ke hana iska shiga.
- Tef na awo, igiya, turaku, da gora mai tsawon mita 4 da aka yi wa zane a kowace santimita 10 don awon tsawon kara.
- Ƙaramin sikeli mai nuna giram. Idan babu, na masu sayar da zinare ko na ɗakin gwaji a makarantar sakandare zai yi.
- Buhun algarara ko yashi mai tsabta don gwajin tsiro, da gishiri busasshe.
- Jakunkunan takarda masu ƙwari don rufe kan dawa.
- Waya mai kyamara, mai nuna lambobin wuri, da farin kwali da rula don ɗaukar hoto.
- Iri guda sananne na kowane amfani wanda zai zama ma'auni. A gero SOSAT ya dace, tunda kusan kowa ya san shi. A wake da dawa a ɗauki ingantaccen iri ɗaya daga malaman gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa.

Mataki na 1: Zama da mutanen gari

A fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, a faɗa masa abin da za a yi da irin da inda za a ajiye shi. Sannan a tara dattawan manoma, a roƙi kowa ya zo da zangarniya ko ɗan tsabar abin da yake shukawa. A zana murabba'i a ƙasa a raba shi gida huɗu: irin da gidaje da yawa ke shukawa a fili babba, wanda gidaje da yawa ke shukawa a ɗan fili, wanda gidaje kaɗan ke shukawa a fili babba, da wanda gidaje kaɗan ke shukawa a ɗan fili. Mutanen ne za su ajiye kowane iri a gidansa, su yi gardama har su daidaita. Kai naka rubutu.

Gida na huɗu shi ne abin dubawa. A nan ake samun takanɗa, karan dafi, gero mai gashi da tsuntsu ke shakka, da tsohon waken da tsohuwa ɗaya ce kawai ta rage da shi. A kuma tambaya: "Baba, akwai wanda kuka taso kuka ga ana shukawa, yanzu babu?" A rubuta sunayen, wataƙila a same su a ƙauyen gaba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya ga maza. Irin wake, riɗi, yakuwa da kuɓewa da yawa a ɗakunan mata suke. Dole a samu mace a cikin masu aikin wadda za ta shiga gidaje ta zauna da su.

Mataki na 2: Karɓar iri

Lokacin da ya fi shi ne kaka, amfani yana tsaye a gona: gero wajen Satumba, wake daga Oktoba, dawa daga Nuwamba zuwa Disamba. A ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana ɗaukar zangarniya ɗaya a kowane taku 10 ko 15, har a tara kamar 50. A wake, kwanso biyu ko uku daga kowane tushe, tushe 50. Dalilin wannan adadi shi ne akwai halayen da ba sa bayyana sai a kara ɗaya cikin 20. Wanda ya tsinki zangarniya biyar ya tafi, ya bar su a gona.

Hannu yana son ya miƙa ga babbar zangarniya. A hana shi. Ba zaɓen irin baɗi ake yi ba, hoton gonar ake so yadda take, da manya da ƙanana. A guji layukan bakin gona kawai, musamman a gero, domin su ne suka fi shan garin furen maƙwabci.

Idan an riga an yi girbi, a karɓa daga rumbu, amma daga dammuna daban-daban, kuma a tambayi mai shi ko damin iri ne da ya ware ko na ci ne. A rubuta amsar. Damin iri ya riga ya sha zaɓe, bambancinsa ya ragu. Tsabar kasuwa ita ce zaɓi na ƙarshe. Abin da ya isa Dawanau ko Maigatari ya gauraya daga gonaki da garuruwa barkatai, ba wanda zai gaya maka asalinsa. Idan ba makawa sai ita, a rubuta "daga kasuwa" da manyan baƙaƙe.

Wajen sussuka, kowace zangarniya ta ba da kaso daidai da 'yar'uwarta: cokali ɗaya daga tsakiyar kowace zangarniyar gero, cokali biyu daga kowane kan dawa. Idan aka sussuke su gaba ɗaya, manyan za su rinjayi ƙananan a cikin kwalba tun ba a je ko'ina ba. Kowane tari kada ya gaza ƙwaya 1,500. A wake rabin kilo ya wadatar. A ajiye zangarniya ɗaya cikakkiya ba a sussuke ba, don kwatance. A biya manomi kuɗin abin da aka ɗauka.

Mataki na 3: Lamba da rajista

Kowane tari ya samu lambarsa a nan take, a gonar: GR-001 na gero, DW-001 na dawa, WK-001 na wake. Takarda ɗaya a cikin jaka, ɗaya a waje. Lamba ba ta maimaituwa ko da irin ya mutu.

A rajista a rubuta sunan irin yadda mai shi ya faɗa, ƙauye da ƙaramar hukuma, kwanan wata, lambobin wuri daga waya, irin ƙasar, jigawa ce ko laka ko bakin fadama, abin da ake haɗa shi da shi a gona, da inda ya samo shi: gado, kyauta, kasuwa, ko rabon wata hukuma. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Ingantaccen iri yakan shiga gari, bayan 'yan shekaru ya samu sunan wanda ya kawo shi, a ɗauka na gargajiya ne. A ƙara da abin da ake yabonsa da shi: tuwo, fura, kunu, ƙosai, harawa, ko kara na danni.

Mataki na 4: Busarwa da gwajin tsiro

A shanya iri a inuwa mai iska, a kan tabarma, ba a kan kwalta ko kwanon rufi ba, zafinsu yana kashe ƙwaya. Hunturu yana sauƙaƙa wannan aiki. Don tabbatarwa, a soya gishiri ya bushe ƙayau, a bar shi ya huce, a zuba iri zuwa sulusin busasshiyar kwalba, a ƙara gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, irin bai bushe ba. Idan bai manne ba ma, a ƙara masa 'yan kwanaki a inuwa kafin a rufe, domin irin ajiya ya fi hatsin ci buƙatar bushewa.

Gwajin tsiro kuwa, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a wuri mai ɗumi ana yayyafa ruwa. A yi haka kashi biyu ga kowane tari. A ƙirga na gero a rana ta 7, wake a ta 8, dawa a ta 10. Wanda ya fitar da saiwa da kai lafiyayyu ne kawai ake lissafawa. Abin so shi ne 85 ko fiye cikin 100. Wanda ya faɗi ƙasa da haka a sa masa alama, shi za a fara sabuntawa. Kada a yi gwajin nan da an gama girbi, sabon gero da dawa sukan ƙi tsira a makonnin farko; kuma sanyin tsakiyar hunturu yana jinkirta tsiro har a zargi iri mai kyau. A jira zafi ya fara shigowa.

Daga nan a raba kowane tari uku: na ajiya da ba a taɓawa, na gwaji, da na uku da za a kai wani gida ko wani gari saboda gobara, ɓera da gara.

Mataki na 5: Fili da shuka

A nan aiki ke gyaruwa ko ya zama na baban giwa. A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai ƙasa iri ɗaya. A kauce wa gindin gawo, tsohon suri, wurin da shanu suka kwana, inda aka tara taki ko aka ƙone kara, da kwarin da ruwa ke kwanciya. Kada ya zama bara an shuka amfanin da za a gwada a wurin, in ba haka ba gyauro zai fito a cikin layuka a ɗauka na tarin ne.

Kowane tari ya samu kunya 4 masu tsawon mita 5, tsakanin kunya da kunya santimita 75. Tsakanin rami da rami: gero santimita 50, dawa 30, wake mai tsayuwa 25. Wake mai yaɗo irin Kanannado a ba shi 50 ko fiye, a kuma bar kunya ɗaya fayau tsakaninsa da na kusa, don kada su sarƙe a kasa gane na wane ne. A bar hanya ta mita ɗaya tsakanin jeri da jeri. Bayan mako biyu a cire, a bar tsiro ɗaya a kowane rami, domin kara ɗaya-ɗaya za a auna. Wajen cirar ma a kiyaye: idan kullum mafi ƙarfi ake bari, an yi zaɓe ba a sani ba.

Bayan kowane tari 10 a sa fegi ɗaya na irin ma'auni. A kuma shuka dukan tarin sau biyu, a ɓangarori biyu na filin, jerin ɓangare na biyu daban da na farko. A rubuta lambobin a guntayen takarda, a zuba a hula, yaro ya riƙa zarowa. Yadda suka fito haka za a jera su. Tari 40 da ma'auninsu, sau biyu, ba za su cinye kashi ɗaya cikin biyar na hekta ba. Idan fili ya yi kaɗan, a rage kunya zuwa biyu, amma kada a taɓa fegin ma'auni. A zana taswirar filin a rajista ranar shuka, domin turaku sukan ɓace, ko akuya ta ture ko yara su cire.

A shuka duka rana ɗaya bayan ruwa mai kyau ya sauka, ba binne ba. Taki, noma da maimai duk daidai wa daida, rana ɗaya. Maganin da ake cuɗa iri da shi yana ɓoye raunin iri ga cuta. Ko dai a bar shi gaba ɗaya, ko a yi wa kowa.

Idan akwai sauran iri da wuri, a sake shuka kunya ɗaya-ɗaya bayan mako uku. Wannan ƙaramin ƙari yana bayyana hali mai muhimmanci. Wasu irin kwanaki suke ƙirgawa: ka jinkirta shuka mako uku, su jinkirta fure kusan mako uku. Wasu kuma, kamar maiwa, Kaura, Farafara da waken gida mai yaɗo, gajartar yini suke jira, sai ka ga na farko da na biyu sun yi fure kusan lokaci guda. Irin da ke jiran gajartar yini ya dace da damina mai tsawo ta kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa. A kai shi Babura ko Maigatari, ruwa na iya ɗaukewa bai cika ido ba.

Mataki na 6: Aune-aune

A auna kunyoyi biyu na tsakiya kawai, a bar ramukan bakin layi. A ɗaura wa karan da za a auna zare tun kafin su fitar da kai, don kada kyau ya ja ido: dukan na kunyoyin biyu a gero, 10 a dawa da wake. Mutum ɗaya ne zai riƙa yanke hukuncin launi da siffa daga farko har ƙarshe. Abin da wani ya kira ja, wani ƙasa-ƙasa zai ce.

Ranar fure ita ce awo mafi daraja, kuma ita ce ba ta jira. Daga lokacin da amfani ya yi ciki, a riƙa zagawa kowace safiya ko bayan kwana ɗaya. A rubuta ranar da rabin tsirran fegi suka yi fure. A gero, alamar ita ce fararen zarurruka masu laushi da ke fara bayyana a jikin zangarniya, kwana biyu ko uku kafin garin fure ya zubo. A dawa fure daga saman kai yake farawa ya gangaro. A wake, ranar da rabin tushen suka buɗe fure ko da ɗaya ne. Sai a ƙirga kwanaki daga ranar shuka.

Sauran na gero: tsawon kara daga ƙasa zuwa ƙarshen zangarniya, yawan 'ya'yan da suka yi kai, tsawo da kaurin zangarniya, cikarta ko sakwarkwacewarta, akwai gashi ko babu, launin ƙwaya. Zango da ɗan gajeren gero tun daga nesa ake raba su, amma a auna duk da haka. Na dawa: tsawon kara, kai dunƙulalle ne ko mai baje reshe, wuyansa miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, launin jijiyar tsakiyar ganye, launin ƙwaya da na ɓawon da ya rungume ta, zaƙin kara, da cikin ƙwaya idan aka fasa, gari ne ko ƙarau. Na wake: yaɗo ko tsayuwa, launin fure, tsawon kwanso, ƙwaya nawa a ciki, launin fata, santsi ko kaushi, launin hanci, da nauyin harawa bayan ta bushe. Bayan girbi a auna nauyin ƙwaya 1,000 a gero, 100 a dawa da wake. A ɗauki hoton kowane kai a kan farin kwali, rula da lambarsa a gefe.

Ba dukan halaye ne nauyinsu ɗaya ba. Launin ƙwaya, gashi, hancin wake da siffar kai ba su cika damuwa da taki ko ruwa ba, su ne shaidu masu ƙarfi. Tsawon kara da yawan amfani kuwa suna bin damina, ba a yanke hukunci da su kaɗai.

A rubuta cuta da ƙwari: burtuntuna a dawa, cutar da ke mayar da zangarniyar gero ganye-ganye, tsutsar kara, ɓarnar tsuntsu jan baki. Wuta-wuta a ƙirga ta a kowane fegi, amma da hankali, domin a gona tsibi-tsibi take fitowa. Fegin da bai da ita ba a ce yana da juriya ba sai in maƙwabtansa na dama da hagu sun kamu. Ta wake daban take da ta gero da dawa, filin da ya cika da ɗaya ba ya gwada ɗayar.

A kuma ƙirga baƙi a cikin fegi. A gero za a ga shura, mai siririyar zangarniya da ke zubar da ƙwaya. A rubuta yawanta. A dawa, idan fegi ɗaya ya fito da fara da ja, a koma a tambayi mai irin, domin wasu da gangan suke gaurayawa. A ware su da lambobi kamar DW-014a da DW-014b, a kuma bar gaurayen na asali yadda yake.

Mataki na 7: Lissafi

A fara da fegin ma'auni. Iri ɗaya ne, don haka duk bambancin da ke tsakanin fegoginsa na ƙasa ne da kuskuren awo. Idan SOSAT ya yi fure a kwana 55 a nan, 58 a can, to bambancin kwana uku tsakanin wasu tari biyu ba hujja ba ce. Haka za a yi da tsawon kara da nauyin ƙwaya. Idan ma'aunin ya watse sosai, filin ne bai yi ba, awon tsawo da na amfani na wannan shekara a riƙe su da shakka.

Ga halayen awo, a fitar da matsakaicin kowane tari, sannan a dubi mafi ƙanƙanta da mafi girma a dukan tarin. A gero a duba har cikin fegi: tsakanin karan da aka auna, ina mafi gajarta, ina mafi tsawo.

Ga halayen gani akwai lissafi mai sauƙi da waya za ta yi. Misali, a ce tari 40 na dawa: 20 fara, 12 rawaya, 6 ja, 2 ƙasa-ƙasa. A raba kowanne da 40, a samu 0.5, 0.3, 0.15 da 0.05. A ninka kowane da kansa: 0.25, 0.09, 0.0225, 0.0025. A tara, 0.365. A cire daga 1, saura 0.635. Ma'anarsa, idan aka zaro kwalba ɗaya da ka, aka mayar, aka sake zarowa, sau 63 ko 64 cikin 100 launinsu zai bambanta. Da a ce 36 fara ne, 4 rawaya, amsar 0.18 za ta zama, alhali kwalaben 40 ne a duka biyun. A yi wa kowane hali nasa, a kuma yi wa kowane ƙauye nasa. Sai dai kada a kwatanta lambar hali mai rukuni biyu da ta mai rukuni huɗu: mai biyu ba ya wuce 0.5, mai huɗu ba ya wuce 0.75. Launi da launi ake gwadawa, siffa da siffa.

Mataki na 8: Rukuni, tagwaye da giɓi

A rubuta wa kowane tari kati, a shimfiɗa tabarma, a ɗora kowane kai a kan katinsa. A fara rabawa da kwanakin fure, na wuri, na tsakiya, na jinkiri; a cikin kowanne a raba da siffar kai, sannan launi. A gayyato manoman da suka ba da irin, maza da mata, su duba. Sau da yawa za su raba abin da awo ya haɗa, su ce wannan ya fi auki a tuwo, wancan ya fi jure rumbu. A rubuta, a kuma dafa a gwada idan tsabar ta isa.

Waɗanda suka yi kama ta ko'ina a sa musu alamar tagwaye, amma kada a juye su a kwalba ɗaya. Damina guda ba ta isa ba. A sake shuka su dab da juna baɗi, in da hali a wata ƙasar daban. Kada kuma a zubar da tari don bai yi amfani da yawa ba. Gwajin nan ba gasa ba ce, kuma wanda ya zo na baya a shekarar ruwa yana iya zama shi kaɗai ya kai gida a shekarar fari. Rukunin da tari ɗaya ne tak a cikinsa shi ya fi cancantar kulawa.

Tabarmar za ta nuna giɓi ma. Idan ba na wuri ko ɗaya, ko duk daga ƙasar laka suka fito, an san inda za a nufa kaka mai zuwa.

Mataki na 9: Gwajin ƙwayoyin halitta

Ido da tef suna da iyaka. Idan tagwaye sun ƙi rabuwa bayan damina biyu, ko ana son sanin dangantakar rukunoni, sai gwajin DNA. Ba aikin ƙauye ba ne kuma yana cin kuɗi, don haka ba a tura komai da komai. A tuntuɓi masu bincike tun kafin a tsinki ganye, domin kowane ɗakin gwaji da yadda yake son samfur: cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, suna da ofisoshi a Kano, akwai Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, ga kuma cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, Zariya. Galibi ganye ɗanye ake ɗauka daga tsiro mai mako biyu ko uku, a sa a ƙaramar ambulan, a rufe a kwalba tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, nauyinsu kamar ninki 10 na ganyen. A goge almakashi tsakanin tari da tari. A wake tsiro kaɗan sun isa; a gero tsiro ɗaya ba ya wakiltar tari, sai an ɗauka daga da yawa.

Mataki na 10: Abin da za a yi da girbin gwaji

Geron da aka girbe a filin gwaji na ci ne, ba na kwalba ba. Tari 40 sun yi wa juna barbara, abin da ya fito ba GR-007 ba ne kuma. Sabunta gero sai a keɓe: tsiro 100 ko fiye, nesa da kowane gero da ɗaruruwan mitoci, wanda da wuya a samu da damina a ƙasar Kano. Mafita ita ce a shuka shi da rani a lambu mai ban ruwa, lokacin da ba wani gero a kusa, tari ɗaya a kowane lambu, da mai korar tsuntsu. Maiwa takan rikice idan aka sauya mata lokaci, ita gara a mayar wa mai ita ya shuka a gonarsa a karɓo daga tsakiya.

Dawa ta fi sauƙi. Da kai ya fito, kafin fure ya buɗe a sama, a rufe shi da jakar takarda a ɗaure a wuya, kai 30 zuwa 50 a kowane tari. Bayan kamar mako biyu zuwa uku a cire takardar a sa gidan sauro ko yadi mai huji saboda tsuntsu. Leda ba ta yi, tana tara gumi ta kashe garin fure, kan ya fito fanko. Wake a rora daga kunyoyin tsakiya, daga kowane tushe daidai, a bushe, a rufe ruf kafin ƙwaro ya shiga.

A riƙa maimaita gwajin tsiro kowace shekara kafin damina. Tarin da suka fito daban da kowa, a kai kason su na uku ma'ajiyar iri ta ƙasa, NACGRAB da ke Ibadan, ta hannun malamin gona ko ɗaya daga cibiyoyin nan, tare da kwafin shafinsu na rajista da sanin manomin da ya bayar.